Amsa: Wace ce ta gano maganin zazzaɓin cizon sauro na yanzu?

Ɗan'uwa, ka tambayi asalin ƙwayoyin ACT, maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba yaranmu a asibitin Ringim idan damina ta kama. Wata mata ce 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou. A 1969 aka ɗora mata aikin nemo sabon magani, lokacin da kulorokwin ya riga ya fara gazawa. Ta tono tsofaffin littattafan maganin gargajiya har ta dace da wani ganye, ɗan'uwan tazargade. Tafasa shi na kashe ƙarfinsa, sai ta tace shi ba da zafi sosai ba, a 1971; daga nan aka samo sinadarin da shi ne tushen ACT. Ta fara gwadawa a jikinta kafin a ba majiyyata. Wannan kam yana taɓa min zuciya. Ta sami lambar yabo ta Nobel a 2015.

Amma kar ka jiƙa tazargade ka ba yaro, kai shi a yi masa gwaji.