Tunani ba a kokawa da shi, kallonsa ake koya wa mutum

Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce matar da kake dubawa a zaman lafiyar ƙwaƙwalwa, kullum maganarta "ni ba ni da wani amfani", ka zauna da ita kun jero hujjoji cewa ba haka ba ne, ta yarda, sati na zagayowa ta dawo da maganar kamar ba ku taɓa yi ba, wai Oga ina kuskuren yake?

Toh ba wani kuskure ka yi ba. Auna tunani da hujja hanyar likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ce tun shekarun 1960, kuma tana aiki, ni ma da ita na fara. Sai dai akwai mutumin da in ka biye wa gardamar, ranar gamawa babu, ka kawo hujja ɗaya ƙwaƙwalwarsa ta kawo uku. Irin wannan kallon tunani ake koya masa, abin da Steven Hayes da abokan aikinsa Kirk Strosahl da Kelly Wilson suka gina a tsarin ACT (Acceptance and Commitment Therapy), wato jinyar karɓar tunani da ɗaukar mataki, littafinsu ya fito 1999.

Ga yadda nake yi. In ta ce "ba ni da amfani", sai in ce ta sake faɗa amma ta fara da "ina lura tunani ya zo min cewa ba ni da amfani". Shikenan fa. Kalmomin ba su canza ba, amma yanzu ita daban, maganar daban, ta samu ɗan fili da za ta tsaya ta duba. Wani lokacin kuma kalma ɗaya muke ɗauka daga cikin maganar, ta yi ta maimaitawa da sauri kamar sakan 30 har ta koma sauti kawai. Wannan kam sai kun saba kuma ka nemi izininta, in ba haka ba za ta ɗauka ba'a kake mata, na taɓa yin gaggawa da wani bawan Allah, bai sake dawowa ba.

Inda sababbi irinku ke zamewa shi ne ku mayar da abin dabarar korar tunani. Tana cewa "na yi amma bai tafi ba" sai hankalinka ya tashi. Wa ya ce zai tafi? A 1987 masanin halayyar ɗan Adam Daniel Wegner ya yi gwaji, ya ce wa mutane kar su tuna farar dabbar beya (white bear) na minti biyar, su kaɗa ƙararrawa duk sanda ta faɗo musu, suka yi ta kaɗawa, da aka sake su kuma tunanin ya ƙaru. Abin da kake nema shi ne tunanin yana nan amma ta tashi ta je aikinta, ta kira ƙawarta.

Kuma ba kowane tunani ake zama a kalla ba, nan sassaucin yake. Ka riƙa tambayarta, in kin bi wannan tunanin ina zai kai ki? In mai amfani ne ta bi shi mana. In kuwa ta ambaci cutar da kanta, ajiye duk wani atisaye, ka tambaye ta kai tsaye, ka auna haɗarin, ka kira ni a ranar.

Kafin zamanku na gaba ka gwada a kanka tukuna. Wannan "na kasa aikin" da nake ji a ƙarƙashin tambayarka, sa masa "ina lura tunani ya zo min cewa", sati guda, sai ka zo mu yi magana.