Sandar Mantle da aka yi maka tayi: dakata tukuna

Ɗan'uwa, wallahi da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi. Ka ce mai sandar wasan baseball ɗin da aka yi maka tayi yana rantsuwa da ita shahararren ɗan wasa Mickey Mantle ya buga wa ƙungiyar Yankees, kai kuma zuciyarka na raya maka ta wasan tsofaffin 'yan wasa ce. Kada ka tura ko sisi tukuna.

Haka wani dattijo ya yi mini a wajen baje kolin katunan 'yan wasa, da furfurarsa da komai. Sandar Joe DiMaggio ce, wani tauraron Yankees, ya naɗe ta a tsohon bargo, yana ta ba ni labarin yadda mahaifinsa ya karɓe ta hannu da hannu. Har da ƙwalla! Na zube masa kuɗin da na sha sanyi na tara. Daga baya mai tantancewa ko minti bai yi ba ya nuna mini lambar samfurin a ƙone can sama, wajen kaurin sandar. Kamfanin Hillerich & Bradsby, mai ƙera sandunan, sai a 1976 ya mayar da lambar wajen, kafin nan a gindin marikin ake buga ta, DiMaggio kuwa tun 1951 ya yi ritaya. Da na kira dattijon, buɗar bakinsa sai ya ce ai bai taɓa cewa wace shekara ba. Na sake kira, ya toshe ni. Har yau in na tuna ƙwallar nan sai raina ya ɓaci, na bar shi da Allah.

To kai ma juya taka. Kakar Mantle ta ƙarshe 1968 ce, in ka ga lamba a sama magana ta ƙare. Duba tambarin tsakiya kuma, in "Louisville Slugger" ne a madadin sunan kamfanin, daga 1980 zuwa gaba aka yi ta. In tsawon sandar kawai aka buga a gindi, inci 34 ko 35, ta kanti ce ma. Sa hannu kada ya ruɗe ka, Mantle ya sa hannu a kan sanduna ba iyaka bayan ritaya.

Ni fa ban raina sandar tsofaffi ba. Luke Appling yana da shekara 75 ya fitar da ƙwallo waje a wasan tsofaffi na Cracker Jack na 1982 a Washington, Warren Spahn ne ya jefa masa. Wa zai ƙi irin wannan sanda? Farashin ne dai ba ɗaya ba, ko kusa.

Ka ce masa sai kamfanonin tantancewa PSA ko MEARS sun gani, su gwada tsawo da nauyi da kundin odar kamfanin. In ya fara kame-kame ka kama gabanka. Turo mana hoton gindin da tambarin a haske mu duba.