Jif ta hannu ga mai iyali: ka leƙa ƙarƙashinta kafin ka biya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a ɗaya daga cikin jihohin arewacin Amurka, inda dusar ƙanƙara take rufe mu duk lokacin sanyi. Ina da mata da yara huɗu, biyu daga ciki har yanzu a kujerar yara ake ɗaure su, kuma ƙaramar motata ta yi mana kaɗan. Ina son in sayi jif ta hannu mai jan ƙafa huɗu, wadda za ta kai ni aiki, ta kai yara makaranta, idan zafi ya shigo kuma mu riƙa fita daji da abokai muna kafa tanti a bakin tafki. Raina yana kan Jeep Wrangler, amma wani abokina ya ce in ba Toyota ba kada in taɓa. Ina kuma da niyyar in tura ta gida bayan 'yan shekaru. Wace shawara za ka ba ni?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya raya zuri'a. Wrangler dai ka cire ta daga lissafi. Kujera biyar gare ta ko da mai ƙofa huɗu ce, ku kuwa ku shida ne. Mota ce ta gaske a kan duwatsu, amma a kan babbar hanya tana da ƙara da jijjiga, kuma ba don kai yara makaranta aka ƙera ta ba. Na san ba haka ka so ji ba.

Abin da nake so ka zauna ka amsa wa kanka shi ne, wane irin daji kuke shiga? Idan hanyar tafkin nan burji ce ta tsakuwa, da 'yan ramuka da taɓo kaɗan bayan ruwan sama, to ba ka buƙatar abin da kake zaton kana buƙata. Motoci irin Toyota Highlander da Honda Pilot, masu layi uku na kujeru, suna da samfurin da ake rubuta wa AWD. A kwalta galibi ƙafafun gaba ne ke jan motar, da zarar sun fara sulɓi sai na'ura ta tura ƙarfi baya ba tare da ka taɓa komai ba. Wannan ya ishi burji, ya ishi dusar ƙanƙara, kuma maiɗakinka za ta tuƙa ba tare da tunanin wane maɓalli za ta murɗa ba. Idan kuwa hanyar tana da kwazazzabo, da duwatsun da ke gogar cikin mota, da tudun da sai an hau shi a hankali kamar ana tafiya a ƙafa, to sai motar da aka ɗora jikinta a kan shasin ƙarfe, wadda take da giyar ƙarfi, wato inda za ka ga an rubuta 4L. Wannan giya tana rage gudu ta ninka ƙarfin ja kusan sau biyu da rabi. A wannan aji akwai Toyota 4Runner ta 2010 zuwa 2024, sai dai ba kowacce ke da layi na uku ba, sai ka duba. Akwai Lexus GX 460 ta 2010 zuwa 2023, wadda asalinta Prado ce aka yi wa kwalliya, da kuma Sequoia ga mai son fili sosai.

Giyar ƙarfi kuwa ana biyan kuɗinta kullum a gidan mai, ko an yi amfani da ita ko ba a yi ba. 4Runner tana yin wajen mil 17 zuwa 18 da galan ɗaya, GX 460 ba ta ma kai haka sosai ba, kuma fetur mai tsada take sha. Highlander mai haɗin batir da fetur, daga 2020 zuwa sama, tana kai wajen mil 35. Ka ɗauki nisan wurin aikinka ka lissafa na shekara guda. Fitar daji sau nawa ce a shekara, zuwa aiki sau nawa? Mutanenmu da yawa sun sayi ƙatuwar jif saboda tafiya biyu ko uku, suka ƙare suna karɓar ƙarin awoyin aiki don ciyar da ita, kuɗin da ake aikawa iyaye ya ragu. Wannan ne abin da nake jiye maka. Da ni ne a matsayinka, indai burji ce hanyar, Highlander ko Pilot zan ɗauka in sa mata tayoyi nagari.

Maganar taya ba ƙarama ba ce. Jan ƙafa huɗu yana taimaka maka ka tashi daga tsaye, ba ya ƙara maka birki ko kaɗan. Shi ya sa duk ranar da aka yi dusar farko, jif-jif ne ake gani a cikin rami a gefen hanya: direba ya ji mota ta tashi ba sulɓi, ya saki jiki, ya taka birki ta ƙi tsayawa. Ka nemi tayoyin sanyi masu tambarin dutse mai kai uku da ƙwayar dusa a ciki. Sannan a jikin kowace taya, bayan haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe suna nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Taya mai shekara shida zuwa sama ka sa kuɗin canza ta a cikin ciniki ko da zanenta bai cinye ba. A mota mai AWD kuma ana son huɗun su zama iri ɗaya, cinyewarsu kusan ɗaya, in ba haka ba na'urar rabon ƙarfi ce ke wahala.

Yanzu ga abokinka mai cewa sai Toyota. Yana da gaskiya rabi. Injinansu suna da juriya, kayan gyaransu ba sa wuya. Amma a inda kake zaune, ba inji ne ke kashe mota ba, gishirin da ake watsawa a kan hanya lokacin sanyi ne, kuma gishiri bai san sunan kamfani ba. A 2016 Toyota ta amince da sasancin da aka ƙiyasta ya kai dala biliyan 3.4 saboda shasin da tsatsa ta ci a Tacoma ta 2005 zuwa 2010, da Tundra ta 2007 zuwa 2008, da Sequoia ta 2005 zuwa 2008. Saboda haka idan ka je ganin mota, ka tafi da tocila da sukudireba da wani kwali da za ka kwanta a kai. Ka shiga ƙarƙashinta. Jan tsatsa na sama-sama wanda idan ka kankare sai ƙarfe mai ƙwari ya bayyana, wannan ba komai ba ne. Amma idan ƙarfen yana ɓarewa falle-falle, ko ka danna sukudireba ya nutse, musamman kusa da inda ƙafafun baya suke manne da shasi, ka tashi ka kakkaɓe rigarka ka yi sallama. Ka kuma yi hattara da ƙarƙashin da aka fesa wa baƙin fenti sabo yana sheƙi a tsohuwar mota. Kyan ɗan maciji ne, akwai abin da aka rufe. Motar da ta yi rayuwarta a jihohi irin Arizona ko Kalifoniya, inda ba a watsa gishiri kamar naku, ta cancanci a yi mata tafiya.

Tunda kana ƙasan, ka duba farantan ƙarfen da ke kare inji da tanki. Lotsewa da ƙarzuwa mai zurfi, da busasshen taɓo a lungu-lungu, suna gaya maka mai ita ya sha kai ta inda ake wahalar da mota. Wadda aka ɗaga ta sama aka sa mata manyan tayoyi ita ma ban so maka ita ba. Jif dama ta fi ƙaramar mota saurin kifewa saboda tsayinta, ƙara mata tsayi kuma ƙara wannan hatsarin ne, ga yara a ciki. Mafi alheri ita ce jif ɗin da wani dattijo ya yi ta zuwa kasuwa da ita, yana da rasit na kowane juyen baƙin mai. Doka ta wajabta na'urar hana mota juyewa a kwana ga duk sababbin motocin Amurka daga samfurin 2012, don haka kada ka sauka ƙasa da wannan shekara.

Idan kun fita gwaji, ka ce kada a tayar da injin kafin ka iso, domin sanyin inji ne ke tona ƙara da hayaƙi. Idan mai giyar ƙarfi ce, ka nemi fili mai tsakuwa ko ciyawa ka sa 4H, wato jan ƙafa huɗu na tafiyar yau da kullum, ka tsaya ka mayar da giya fili ka sa 4L, ka ga ko fitilar 4L da ke gaban direba ta tsaya cak ko tana ta ƙyaftawa. Motar da aka shekara biyar ba a taɓa sa mata wannan giya ba, sau da yawa na'urar da ke shigar da ita ta ƙage, gyaranta kuma ba araha. Ka sani cewa yawancin 4Runner ba a tafiya da su a 4H a kan busasshiyar kwalta, domin ƙafafun gaba da na baya suna kullewa tare, a kwana sai ka ji motar tana turjiya. GX 460 kuwa kullum a ƙafa huɗu take, babu wannan damuwa. Ka je da kujerun yaranka biyu ka ɗaura su da hannunka, ka sa manyan su shiga layi na uku su fito, ka buɗe but ka ga ko keken jariri zai shiga bayan an miƙe duk kujeru. A nan ne jif da yawa suke ba da kunya. Bayan duk wannan, ka biya makaniken da kai ka zaɓa, ba wanda mai mota ya nuna maka ba, ya ɗaga ta sama ya jona mata kwamfuta. Mai motar da ya ƙi yarda da haka ya riga ya ba ka amsa.

Sai takardu, inda baƙo ya fi faɗawa rami. Kowace mota tana da lambar VIN mai harafi da lamba 17, a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da jikin ƙofa. Ka tabbata iri ɗaya ce da ta jikin takardar mallaka, wadda suke kira taitil. Ka saka ta a shafin NHTSA, hukumar Amurka mai kula da amincin motoci a kan hanya, kyauta za ka ga ko akwai gyaran da kamfani ya kira a yi ba a yi ba, kamar na jakunkunan iska na Takata da ya shafi miliyoyin motoci. Ka sayi rahoton Carfax ko AutoCheck ka ga tarihin hatsari, da jihohin da ta zauna, da ko milejinta yana hawa daidai. Taitil mai hatimin salbej yana nufin kamfanin inshora ya taɓa yanke cewa gyaranta ya fi ƙarfin darajarta, kuma bayan kowace babbar ambaliya, irin ta guguwar Harvey a Tekzas a 2017, motocin da suka nutse sukan watsu zuwa wasu jihohi da sababbin takardu. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka duba ƙarafan ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa.

Sunan da ke kan taitil dole ya zama na wanda ke miƙa maka makulli, ka nemi ganin lasinsa. Idan ya ce ta ƙanensa ce ko ta matarsa da ta yi tafiya, ka bar ta, ko da ɗan gida ne kuna magana da harshe ɗaya. Idan akwai sunan banki a jiki, mai yiwuwa akwai bashi a kanta, kuma banki na iya ɗauke ta daga ƙofar gidanka. A wurin dillalai, doka ta tilasta a manna takarda a gilashi da ke nuna ko da garanti ko yadda take haka za ka ɗauka, ka karanta ta. Ka guji dillalan da ke cewa su za su ba ka bashi ba ruwansu da tarihinka, kuɗin ruwansu yana da nauyi ƙwarai. Kafin ka biya ko sisi, ka ba kamfanin inshora lambar VIN su faɗa maka abin da za ka riƙa biya, ka kuma tambaye su ƙarara ko suna biyan ɓarnar da ta faru a hanyar da ba kwalta.

Batun tura ta gida, kada ka bar shi ya zaɓa maka mota. Shekarun da za ta yi a hannunka a cikin gishiri za su rage ta, kuma dokar shekarun motar da ake bari ta shiga da kuɗin kwastan suna canzawa, abin da ke aiki yau ba lallai ya kai lokacin ba. Abin da ke hannunka shi ne ka riƙa wanke ƙarƙashinta duk lokacin sanyi, ka adana taitil na asali da sunanka babu bashi a kai, domin kwastan na Amurka suna buƙatar ganinsa aƙalla awa 72 kafin mota ta hau jirgi. Sitiyarin motocin Amurka a hagu yake, daidai da na Najeriya da Nijar da Gana. 'Yan'uwanmu na Ingila da ke karanta wannan su ne ya kamata su lura, domin nasu a dama yake. Su kuma suna da tarihin MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, kyauta a shafin gwamnati, wanda yakan ambaci tsatsa tun kafin mai mota ya buɗe baki.

Idan ka samu biyu ko uku da suka kwanta maka a rai, ka aiko min da shekararsu da milejinsu da abin da makanike ya gani a ƙasa, mu duba tare. Ka gaida maiɗakinka da yara.