Kun Tambaya, Mun Amsa: Malaman Sakandare da Na'urorin Zamani a Aji

Tambayoyin wannan fitowar daga malaman sakandare na Jos da kewaye suka zo. Mun taƙaita wasu, mun haɗe waɗanda suka yi kama da juna.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ƙungiyar iyaye da malamai ta tara mana kuɗi, an ce mu zaɓa tsakanin majigi da babbar talabijin. Ɗalibai 60 ne a aji, wuta ba ta zama, abin da muke da shi batir ɗaya ne mai 12V/200Ah da inbata. Wanne za mu saya? Daga malamin Fiziks, Unguwar Rogo.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a je kasuwa a fara da lissafin batirin, don shi zai yanke hukunci. A ninka 12 sau 200, an samu wat-awa 2,400. Batir mai ruwa ba a shanye fiye da rabinsa in ana so ya daɗe, saura 1,200. Inbata ma tana cin nata kaso, kusan 15 cikin 100, don haka abin da ke hannunku kusan 1,000 ne. Majigi mai ƙwai yana jan wat 250 zuwa 350, laftof kuma 45 zuwa 65. In aka haɗa su, awa biyu da rabi zuwa uku da rabi kawai za ku samu. Talabijin mai inci 55 kuwa tana jan wat 100 ko kusa da haka, ita da laftof za su kai ku wajen awa shida. Ainihin adadin yana rubuce a takardar da ke manne a bayan kowace na'ura, a duba shi a shago.

Inda talabijin ta gaza shi ne girma. Ƙa'idar da masu haɗa irin waɗannan kaya ke bi ita ce, kada na ƙarshen aji ya yi nisan da ya wuce tsayin fuskar sau shida. Tsayin fuskar mai inci 55 santimita 68 ne, wato mita huɗu ke nan, alhali ajin da ke ɗaukar mutum 60 yakan kai mita takwas ko tara. Na baya za su ga hoto da bidiyo, amma ƙaramin rubutu zai ɓace musu. Majigi yana ba da hoto mai inci 100 ba wahala, sai dai yana son duhu. Wanda zai yi aiki da rana sai mai hasken lumen 3,000 zuwa sama, kuma a tabbata an ga kalmar ANSI kusa da adadin. Ƙananan nan masu araha da ake rubuta manyan lambobi a kwalinsu, a ɗaki da dare kaɗai suke da amfani.

Da wannan batirin, shawararmu talabijin ce, mai inci 65 in kuɗin ya kai. A rataye ta sama da kan ɗaliban gaba, a gefen allo, kada ta rufe shi. Rubutu kada ya wuce layi shida a shafi, girmansa 36 ko fiye. Malam ya tsaya a bencin ƙarshe ya gwada karantawa da kansa kafin ɗalibai su shigo.

In kuma majigin aka saya, abu biyu ke kashe shi a Jos. Na farko ɗaukewar wuta yana cikin aiki: fankar da ke sanyaya ƙwan ta tsaya, zafi ya taru a ciki. Don haka ta inbata za a jona shi, in an gama a kashe da maɓallinsa, a jira fanka ta yi shiru kafin a zare waya. Na biyu ƙurar hunturu, wadda ke toshe matatar iska har ya riƙa mutuwa da kansa bayan 'yan mintoci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu a ciro matatar duk mako a kakkaɓe. Da damina kuwa, da an ji tsawa a zare komai daga soket, har wayar eriya.

Wayar haɗi a nemi HDMI, tana ɗauke da hoto da sauti tare. VGA hoto kawai take kaiwa. In an jona ba a ga komai ba, a danna maɓallin Windows tare da P, a zaɓi Duplicate.

TAMBAYA: Makarantarmu ba ta da intanet, ɗakin gwaje-gwajenmu kuma kusan babu komai a ciki. Akwai abin da za mu iya yi da laftof ɗaya da wayoyin malamai? Daga malamar Kemistiri, Bukuru.

AMSA: Akwai, Malama, kuma kyauta ne. Fara da PhET. Gwaje-gwaje ne na kwaikwayo daga Jami'ar Colorado da ke Amurka, wanda Carl Wieman, mai lambar Nobel a Fiziks, ya assasa a 2002. Kowane gwaji ana sauke shi a matsayin fayil guda, daga nan ya riƙa buɗewa a Chrome ba data. Akwai na daidaita lissafin haɗuwar sinadarai, akwai na ma'aunin pH, akwai na haɗa batir da waya da ƙwan lantarki. Malaman Lissafi su sauke manhajar GeoGebra. Kiwix kuma tana ajiye Wikipedia a cikin kwamfuta, har da ta Hausa.

In ana so ɗalibai da yawa su shiga lokaci guda, sai Kolibri, manhajar da ke raba darussa ga wayoyi ba intanet. Ana girka ta a laftof ɗin, a kai shi inda ke da intanet mai ƙarfi a sauke darussa. Kada a ɗebo rumbu sukutum, na Khan Academy kaɗai zai cinye gigabait masu yawa. A zaɓi batutuwan zangon da ake ciki. A dawo makaranta a kunna rauta, ba ta buƙatar layi ko data, aikinta haɗa na'urorin ne kawai. A jona laftof da ita, Kolibri za ta nuna adireshi mai kama da 192.168.0.100:8080. Duk wayar da ta shiga wannan Wi-Fi, aka rubuta adireshin a Chrome ɗinta, za ta ga darussan.

Wuraren da ake tuntuɓe sanannu ne. Waya takan gane Wi-Fi ɗin ba shi da intanet, sai ta koma kan datar layinta a ɓoye, shafin ya ƙi buɗewa. A kashe datar wayar gaba ɗaya. Katangar tsaro ta Windows takan hana wayoyi isa ga laftof, sai an ba Kolibri izini a cikinta. Laftof yakan yi barci bayan mintoci, kowa ya katse, don haka a cire masa wannan saitin. Adireshin ma yakan sauya in an sake kunna rauta, a duba shi kowace safiya a rubuta a allo. Ƙaramar rautar gida kuma takan fara nauyi in wayoyi sun doshi ashirin suna kallon bidiyo. A raba ɗalibai uku-uku ko huɗu-huɗu a kan waya ɗaya, hakan ma ya fi sa su tattauna.

Yadda za a koyar da shi ya fi girka shi muhimmanci. Kada a kunna a bar ɗalibai su zuba ido kawai. A fara da tambaya: in aka ƙara ruwa a wannan asid, lambar pH hawa za ta yi ko sauka? Kowa ya rubuta hasashensa a littafi, sannan a gwada a gabansu, wanda bai dace ba ya faɗi dalilin da ya sa ya zaci haka. Minti goma sha biyar ya isa a darasi mai minti arba'in, sauran lokacin na allo ne da alli. Kuma wannan ba ya maye gurbin taɓa kayan gwaji da hannu. Ɗalibar da ba ta taɓa riƙe buret, bututun gilashin auna ruwan sinadari, ba za ta sha wuya ranar jarrabawar gwaji ta WAEC ko NECO, ko da ta ga abin a fuskar kwamfuta sau da yawa. A nemi aron kaya daga makwabciyar makaranta ko sau biyu ne a zango.

Ga ɗaliban da ke da data a gida, a nuna musu Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft.

TAMBAYA: Mun buɗe zauren WhatsApp na malaman Lissafi daga makarantu bakwai don musayar dabaru. Cikin wata biyu ya koma gaisuwar Juma'a da sanarwar biki da gardamar siyasa. Yaya za mu gyara? Daga wani malami, Nasarawa Gwong.

AMSA: Malam, zauren da ba a ba shi aiki ba, hira zai koma. Kada a hana zumunci, a buɗe masa zaurensa daban. Na aiki kuwa a saita shi yadda shugabanni kaɗai ke iya turo saƙo, a riƙa buɗe shi ga kowa a ranaku biyu da aka sani, misali Talata da Asabar da yamma.

Sai a ba kowane mako batu ɗaya daga jadawalin zango, a kuma ɗora shi a wuyan mutum ɗaya da sunansa. Abin da zai kawo a ƙayyade shi: tsarin darasi shafi ɗaya, tambayoyi biyar da amsoshinsu, sai saƙon murya da bai wuce minti uku ba yana bayanin inda ɗalibansa suka fi rikicewa. Wannan na ƙarshen shi ne mai tsada. Ko'ina ana samun bayanin yadda ake warware lissafi, amma sanin cewa yawancin 'yan SS1 suna mance juya alamar "ya fi girma" in sun raba da lamba mai ragi, sai a bakin wanda ya duba littattafansu. Saƙon murya kuma ba ya cin data kamar bidiyo.

WhatsApp ba ma'ajiya ba ce. Fayil yakan nutse cikin saƙonni, wanda ya sauya waya ya rasa shi, wanda ya shigo daga baya bai gan shi ba. A buɗe Google Drive, yana ba da gigabait 15 kyauta, a yi folda ga kowane aji, cikinta a yi ta kowane zango. Sunan fayil ya bi tsari ɗaya: aji, zango, mako, batu. Mutum biyu kaɗai za a ba ikon gyarawa, saura su duba su sauke, in ba haka ba wata rana za a wayi gari wani ya goge folda bisa kuskure. Manyan fayiloli a tura wa juna da Xender ko Quick Share ranar da aka haɗu.

Haɗuwar ido da ido kuwa ba makawa, ko sau ɗaya a wata. Akwai tsarin da malaman Japan suka shahara da shi wanda ya dace da ku: a tsara darasi ɗaya tare, mutum ɗaya ya koyar da shi a ajinsa, sauran su zauna a baya. Ɗalibai za su sa wa ido, su rubuta wa ya gane, wa ya tsaya, a wace gaɓa. Bayan an tashi a gyara darasin, wani ya sake koyar da shi a tasa makarantar. Da yake darasin na kowa ne, gyara ba ya zama cin fuska ga wanda ya tsaya gaban allo. A sanar da shugabannin makarantu a rubuce kafin a fara.

Hattara ɗaya: hoton fuskar ɗalibi, ko takardar sakamako mai sunansa, ba abin turawa zaure ba ne. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, sai da yardar iyayensa. In aikin ɗalibi za a nuna, a rufe sunan.

TAMBAYA: Na sa filas ɗina a kwamfutar wani shagon buga takardu, da na dawo duk foldodina sun koma gajerun alamomi masu kibiya. Aikin zango guda ne a ciki. Daga wata malama, Gangare.

AMSA: Kwantar da hankalinki, Malama, galibi ƙwayar cutar kwamfuta ce ta ɓoye su, ba ta goge ba. Kada ki danna alamomin, dannawar ce ke shigar da ita kwamfutarki. Ki fara bincike filas ɗin da manhajar tsaro ta Windows. Sannan ki duba harafinsa, a ce E ne, ki buɗe cmd, tagar rubuta umarni ta Windows, ki rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* ki danna Enter. Foldodin za su bayyana. Ki kwashe su zuwa kwamfuta, ki wanke filas ɗin gaba ɗaya. Nan gaba ki tura wa mai shago takardar a matsayin PDF ta waya.

TAMBAYA: Kwamfuta 20 gare mu, 'yan SS3 kuma 120, yawancinsu ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Ta yaya za mu shirya su wa JAMB? Daga mataimakin shugaban makaranta, Rikkos.

AMSA: Ranka ya daɗe, ashirin sun isa in an fara tun zangon farko. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta kacokan, WAEC ma ta fara da masu zaman kansu a 2024, don haka 'yan SS1 da SS2 su ma a sa su a layi.

Jarrabawar tambaya 180 ce cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowane ɗayan darussa uku. Daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. A raba ɗaliban rukuni shida, kowane rukuni ya samu minti 30 a mako da tambaya 45, daidai da saurin ranar jarrabawa. Linzami ba dole ba ne, an tsara ta yadda haruffa takwas za su wadatar: A, B, C, D na zaɓen amsa, N na gaba, P na baya, S na miƙa aiki, R na fasa miƙawa. Zama biyu na farko a ƙare su a kan waɗannan da shigar da lambar rajista da na'urar lissafin da ke fuskar kwamfutar, ba tare da an ba da maki ba.

Akwai manhajojin gwaji da ake saya a girka, suna aiki ba intanet. Kafin a biya, malamin kowane darasi ya zauna ya amsa tambaya talatin a ciki, domin wasu na ɗauke da amsoshin da ba daidai ba, ɗalibi kuma haddace su zai yi. A tsara zaman yadda mai rauni ba zai fake a bayan abokinsa ba, kowa da kwamfutarsa. Bayan kowane zama a fitar da tambayoyi biyar da aka fi faɗuwa, a miƙa wa malamin darasin ya warware su a allo cikin makon. Wata ɗaya kafin jarrabawa kowane rukuni ya zauna cikakkiyar awa biyu sau ɗaya, ranar Asabar, da janareto a kunne tun daga farko don kada wuta ta katse su a tsakiya.