Wane injin zuƙe ƙura ya dace da ƙaramin shagon kafinta?

Malam, ka tambaya ko injin shara na lantarki zai wadatar a shagonka mai injin yanka katako da na fere shi, ko kuwa sai ka sayi injin zuƙe ƙura na musamman. Injin shara yana jan iska kaɗan da ƙarfi, don haka ya fi dacewa da injin goge katako na hannu. Injin fere kuwa yana fitar da ɓaraguzai masu yawa, kuma yana buƙatar tiyo mai faɗin inci 4 da iskar da ta kai kimanin kubik fit 400 a minti ɗaya. Injin zuƙe ƙura mai ƙarfin doki 1.5 zai ɗauki wannan aikin, muddin inji ɗaya kake kunnawa a lokaci guda, tiyon kuma gajere ne ba mai yawan lanƙwasa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne filta. Buhun yadi mai tace maikron 30 (maikron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita) yana tare manyan ɓaraguzai, amma garin nan mai laushi da kake gani yana yawo cikin hasken taga da yamma, wanda ke kwanciya a kan gira da cikin hanci, fita yake yi ya koma huhunka. Tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa cutar, musamman ta hanci. Ka nemi filta mai tace maikron 1, ka kuma ɗora mazurarin da ke juya iska a gabanta don ɓaraguzai su zube cikin ganga kafin su toshe filtar.