Amsa: wane wata ya fi dacewa a je Kirgizistan hawan duwatsu?

Malam, ka tambayi lokacin da ya kamata ka je da kuma ko za ka ga makiyayan nan na ƙasar Kirgizistan da ke tsakiyar Asiya. Gaskiya kada ka wuce Yuli zuwa farkon Satumba, don a lokacin suna can saman duwatsu kiwo da dawakai da tumaki, sanyi na fara shigowa sai su sauko.

Daga Bishkek, babban birnin ƙasar, ka hau mota zuwa garin Kochkor, daga nan ka nufi tafkin Song-Kol, yana can sama, mita 3,000 daga matakin teku, kuma wallahi ko a Yuli da dare sanyin sai ya shiga ƙashi, ka tafi da rigar sanyi mai kauri. A zagayayyen tantinsu na gashin tumaki za ka kwana, murhu a ciki ana hura shi da busasshen kashin shanu, sai ka tuna rugar Fulani.

Za su miƙo maka kumis, nonon goɗiya ne da aka bari ya yi tsami, yana da ɗan giya a ciki, in ba ka so ka ce shayi kawai, mafi yawansu Musulmi ne za su gane. Zuwa tafkin Ala-Kul kuwa ta wajen garin Karakol hawa ne mai wuya, ka nemi ɗan jagora.