An rage kuɗin hanyoyi da sufuri a kasafin jiharmu: me ya shafi wanda ba shi da mota?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne, ko babur ban mallaka ba. Na ji a rediyo cewa a kasafin bana gwamnatin jiharmu ta rage kuɗin da ta saba ware wa hanyoyi da sufuri, wai don ta samu ta biya albashi ta kuma kula da asibitoci. 'Yan adawa sai kumfar baki suke yi, ni kuwa gani nake daidai ne, tunda ba kwalta za mu ci ba. Don Allah ina gaskiyar take? Akwai abin da wannan ragi zai taɓa a rayuwar irina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiyarka, ba a cin kwalta. Amma duk abin da ke shiga tukunyar gidanka a kan hanya ya zo, daga kwanon masara har ƙullin gishiri, kuma kuɗin motarsa na cikin farashin da ka biya. Saboda haka ragin zai iske ka. Yawan abin da zai ci a aljihunka kuwa ya danganta ga wane layi aka soke a cikin kasafin, domin abin da ake kira kuɗin sufuri buhu ne da aka cusa abubuwa daban-daban a ciki.

Ba yau aka fara ba. A tsakiyar 2014 gangar ɗanyen mai ta haura dala 100, zuwa Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30. Kason da jihohi ke karɓowa daga Abuja duk wata ya ruguje, da yawansu suka kasa biyan albashi, har sai da gwamnatin Buhari ta ba su tallafin ceto a 2015. A 2020 ma, da korona ta zo, gwamnatin tarayya ta sauke farashin man da ta gina kasafinta a kai daga dala 57 zuwa 28, jihohi suka bi sahu suka yi wa nasu kwaskwarima. Kano kaɗai ta zaftare kusan kashi 30 cikin 100. A irin wannan yanayi wuƙa ba ta sauka a kan albashi, domin ma'aikaci yana da ƙungiya, yana da baki, yana iya rufe ofis. Hanya ba ta yajin aiki. Shi ya sa ita ake fara yanka.

To, a cikin buhun nan akwai kuɗin sabbin manyan ayyuka, irin gadar sama da faɗaɗa titin cikin gari. Idan waɗannan aka ɗage, ni ban ga abin kuka ba. Gadar da ba a gina bana ba tana nan a takarda, ba ta lalacewa, baɗi a gina. Wasu ma, a ganina, da ba a taɓa gina su ba da jiha ta fi samun sauƙi, amma wannan zance ne na wata rana.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗin gyara na yau da kullum: facin ramuka, like tsagewar kwalta, yashe magudanan ruwa da kwalbatoci, bi ta kan hanyoyin burji da gireda bayan damina. Kuɗi ne kaɗan idan aka kwatanta da sabuwar kwangila, ba a yanka ƙyalle a kansa, ba a kiran maroƙa, don haka babu mai kare shi ranar da ake rabon kasafi. Alhali shi ne ran hanya.

Ka tsaya wata rana a bakin kwalbati a watan Yuni ka leƙa. Za ka ga yashi ya cike rabinsa, leda da karan dawa sun toshe sauran. Aikin lebura huɗu ne da shebur da baro, yini biyu. Idan ba a yi ba, marka na sauka a Agusta ruwa ya rasa hanyar wucewa, sai ya kwanta a gefen titi yana jiƙa ƙasar da ke ɗauke da kwaltar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ruwa ya bi ta 'yar tsagar da ba a like ba, ƙasan ya yi laushi, tirela ta taka, kwalta ta lotsa. Ramin da a Yuni bai fi faifai ba, zuwa kaka ya isa ya haɗiye tayar a-daidaita-sahu. Damina ta biyu ruwa ya yanke hanyar gaba ɗaya, yara su tsaya da shebur suna zuba ƙasa suna miƙa hannu a ba su na goro. Hukumar kula da manyan hanyoyi ta Afirka ta Kudu ta ƙiyasta cewa hanyar da aka yi sakaci da ita shekara uku, gyaranta kan ninka kuɗin kulawar da aka ƙi kashewa sau 6, idan ta kai shekara biyar kuwa sau 18. Kuma manyan motocinmu ba sa taimakawa. Tun gwajin da injiniyoyi suka yi a jihar Ilinois ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 aka gano cewa idan nauyin da ke sauka a kan layin tayoyi ɗaya ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa titi tana ninkawa wajen sau 16. Ka tuna irin lodin da ake yi wa tirelar hatsi ko ta siminti, ka ɗora shi a kan titin da ruwa ya riga ya jiƙa.

Ga kuma wani abu da ya ƙara dagula lissafin. Kwaltar da ake zubawa daga waje ake shigo da ita, haka injina da kayan gyaransu. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Duk jihar da ta ɗage aikin hanya daga 2022 zuwa 2024 da sunan tsimi, gudun gara ta yi ta faɗa wa zago.

Yanzu bari mu zo kanka. Kafin gwamnati ta dawo ta biya wancan ninkin, akwai wanda ke biya kullum, shi ne direba. Tafiyar awa ɗaya ta koma awa biyu da rabi, a giya ta biyu, mota na shan mai kamar ta huda tanki. Taya ta fashe, sifirin ya karye, kowane mako yana garejin bakanike. Mai mota kuma yana jiran balas ɗinsa da yamma, bai san zancen rami ba. Wanda yake sawu uku a rana ya koma biyu. Ina zai fanshe? A kan fasinja da kaya. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kowace ƙarin lita da mummunar hanya ta sa aka ƙona tana da zafi fiye da da.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, kuɗin motar nan baki biyu gare shi. A birni yana ɗaga farashi, a ƙauye yana karya shi. Ɗauki tumatir, wanda ba ya jiran kowa. Manomin da ke kusa da kwalta, a yankin Kura ko Kadawa, yana iya kai kwandunansa Kwanar Gafan da safe, dillalai da yawa su yi ta tayi. Wanda hanyar garinsu ta yanke kuwa, mota ɗaya ko biyu ce ke yarda ta shiga, kuma mai motar ko dillalin da ya zo da ita shi ke yanka farashi. Manomi ya ƙi sayarwa, gobe kayan sun ruɓe. Sai ya sayar da araha, kai kuma ka saya da tsada a kasuwar unguwarku, bambancin ya narke a mai da taya da kwandunan da suka dagargaje a hanya. Takin zamani ma haka yake isa wurinsa da ƙarin kuɗi. Baɗi sai ya rage gonar.

Kuma waɗannan hanyoyi na ƙauye, ba na Abuja ba ne. Cikin kusan kilomita 200,000 na hanyoyin Najeriya, na gwamnatin tarayya kimanin 35,000 ne, su ne hukumar FERMA ke kula da su. Duk sauran a wuyan jihohi da ƙananan hukumomi suke. Buhun da ya isa Dawanau ko ya kama hanyar Legas, sai da ya fara bi ta kan hanyar jiha ko ta ƙaramar hukuma.

Akwai layi guda da nake so ka sa wa ido musamman, wato kason da jiha ke zubawa a shirye-shiryen haɗin gwiwa. Shirin RAAMP na gyaran hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona, wanda Bankin Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Faransa ke tallafawa, ya haɗa da Kano, Katsina, Sakkwato, Kebbi da Bauchi. Ƙa'idar irin waɗannan shirye-shirye ita ce jiha ta ajiye nata kafin aiki ya tafi. Idan nan aka rage, an hana naira ɗaya fita, an kuma tare wasu da dama da ke jiran shigowa.

Sai motocin gwamnati, irin su Kano Line, Borno Express, Yankari Express da Gombe Line. Amfaninsu ya wuce fasinjan da suke ɗauka, domin kasancewarsu a hanya da farashi mai sauƙi yana sa tashar 'yan kasuwa ta yi hattara wajen ƙara kuɗi. Kamfanin sufuri na gwamnati, ko na wace jiha ne, idan aka daina ba shi kuɗin sabunta motoci ba ya mutuwa rana ɗaya. Ana ciro kayan wannan bas a sa wa waccan, har filin ajiyar ya cika da gawarwaki a kan duwatsu. Ranar da suka ƙare, malamin da ke zuwa makaranta a wani gari shi ne farkon wanda zai ji a jikinsa, ko da an biya shi albashin nan cif a kan lokaci.

Amma kada ka tsaya ga abin da aka faɗa a rediyo, ko daga bakin gwamnati ko na 'yan adawa. Abin da aka ware daban, abin da aka saki daban. Ana iya rubuta biliyoyi a kasafi a ƙare shekara ba a fitar da rubu'insu ba, kuma wannan ragin na ɓoye yana iya fin wanda aka sanar yawa. Haka nan kasafin da aka bar shi yadda yake bara, a shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 kamar ƙarshen 2024, an rage shi ke nan ko ba a faɗa ba. Jihohi yanzu suna wallafa rahoton aiwatar da kasafi duk wata uku a shafukansu na intanet. Ka sa wani ɗalibinka na da ya sauko maka da na jiharku a waya, ka nemi ma'aikatar ayyuka da hukumar gyaran hanyoyi, ka dubi abin da aka ware da abin da aka kashe zuwa ƙarshen Yuni. Idan gadar sama ce ta sha wuƙa, kuɗin faci da yashe kwalbati suna fita, ka kwantar da hankalinka. Idan kuwa ka tarar layin gyara babu ko sisi ga damina ta kankama, to ka ɗauki takardar ka kai wa ɗan majalisar jiha na mazaɓarku, domin ta hannunsu kasafin ya bi kafin gwamna ya sa hannu, kuma ta hannunsu kwaskwarimar tsakiyar shekara za ta bi.